Yadda mai ɗauke da HIV zai duba bakinsa da maƙogwaronsa a gida saboda HPV

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina shan maganin HIV, kuma a ƙungiyarmu ta masu ɗauke da cutar a nan Birnin Kebbi ni ake turo wa sabbin shiga in koya musu abubuwan da likita ba ya samun lokacin faɗa. Duba baki na cikinsu. Duk wata ina yin nawa, na kuma riƙe wa mutane tocila ba adadi. Kwanan baya wani ɗalibi ya nuna mini a wayarsa cewa a ƙasashen waje ana ba masu HIV 'yar kwalba su kurkure baki a gida a gwada HPV, yana tambaya ko za a samu a kemis. Na ce masa ya zauna tukuna. Gwajin kwalbar gaskiya ne, zan kuma faɗi yadda ake yin sa a ƙasa, amma galibi masu bincike ne ke amfani da shi, kuma iyakarsa ya ce ƙwayar na nan ko ba ta nan. Abin da ke kai mutum asibiti da wuri shi ne idonsa da yatsansa, su kuwa kowa na da su.

HPV ƙwayar cuta ce mai iri sama da 200. Iri na 6 da na 11 tsiro suke fitarwa irin tusar jaki. Iri na 16 shi ne mugun: shi ke haddasa mafi yawan sankarar maƙogwaro da HPV ke kawowa, kuma shi da na 18 ne ke jawo kusan kashi 70 cikin ɗari na sankarar bakin mahaifa. Tana shiga baki galibi ta saduwa da baki, ba ta cin tuwo a kwano ɗaya ba. Mai ƙarfin garkuwa jikinsa kan kore ta cikin shekara ɗaya zuwa biyu bai ma san ta zo ba. Mu kuwa ta fi saurin kama mu, in ta kama kuma ta fi daɗewa. Mazauninta da ta fi so shi ne tsokokin nan biyu na gefen maƙogwaro da ake kira tonsil, da kuma tushen harshe can ciki. Wurin nesa ne da ido, shi ya sa wannan aikin rabinsa dubawa ne, rabinsa lalube.

Kayan aiki

Madubi, ko da ƙarami ne, muddin za a iya jingina shi hannu biyu su samu sakewa. Tocila mai farin haske, ko fitilar waya. Cokalin ƙarfe wankakke, mariƙinsa ake so. Hankici mai tsabta ko ɗan bandejin asibiti don kama harshe. Sabulu da ruwa. Ƙaramin littafi da biro.

In babu madubi, kyamarar gaba ta waya ta wadatar, sai dai ka goge gilashinta. In tocila ta mutu, ka zauna a bakin ƙofa da hantsi ka fuskanci rana. Hasken hantsi ya fi ƙwan lantarki mai ja-ja nuna launi na gaskiya. Kada ka yi da fitilar aci-balbal ko kyandir, komai ja za su nuna maka. Wanda ya gaya wa matarsa halin da yake ciki, ko wadda ta gaya wa mijinta, to a riƙe wa juna haske, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Wanda bai gaya wa kowa ba kuma ya rufe ɗaki ya yi shi kaɗai, aikin minti biyar ne zuwa goma.

1. Zaɓi rana, ka shirya bakin

Sau ɗaya a wata ya isa. Da can nakan ce wa mutane su haɗa shi da ranar buɗe sabuwar kwalbar magani, to yanzu da yawanmu kwalbar kwana 90 ake ba mu, sai na koma Juma'ar farko ta kowane wata. Masu yi kullum su ne ke zuwa mini a firgice, don mai duban abu kullum ba ya gane ko ya canza.

Ka yi asuwaki ko buroshi, ka kurkure baki sosai, ka wanke hannu da sabulu. Kada ka duba bayan cin goro, ko shan zoɓo, ko miya mai manja. Mata masu saka fure a haƙori su bari ya wanke tukuna. Mai haƙorin roba ya cire. A watan azumi a bari sai bayan an sha ruwa, domin danna harshe na iya kawo amai.

2. Fuska da wuya

Ka kalli fuskarka gaba ɗaya: ko wani gefe ya fi wani kumburi? Sannan ka ɗan sunkuyar da kai don naman wuya ya saki, ka sa tafin yatsu uku, ba farce ba, ka bi a hankali kana murzawa. Fara daga gaban kunne da bayansa, ka sauko ƙarƙashin muƙamuƙi zuwa haɓa, ka bi jijiyar nan mai kauri da ta taso daga bayan kunne ta gangara zuwa ƙashin wuya, ka ƙare a ramin da ke saman ƙashin. Gefe ɗaya, sannan ɗayan, kana kwatantawa. Kada ka matse gefe biyu a lokaci guda, jiri na iya ɗibar ka.

Wannan matakin na fi so mutane su riƙe, saboda sankarar maƙogwaro ta HPV sau da yawa ba ta fara nuna kanta a baki, sai dai mutum ya ji ƙullutu a gefen wuya wanda ba ya ciwo. Rashin ciwon ne ke yaudara. Kaluluwar mura ko ta ciwon haƙori tana zafi, tana gudu ƙarƙashin yatsa, tana kuma sacewa cikin 'yan kwanaki. Wadda ake gudu tana gefe ɗaya, tana da tauri ko tana ƙara girma, kuma mako biyu, uku, tana nan. A wajenmu irin wannan ƙullutun na iya zama tarin fuka na kaluluwa, wanda ma ya fi yawa, ko sankarar kaluluwar kanta. Duk ukun asibiti ne maganinsu, kuma yatsa ba ya bambance su.

3. Leɓe da dasashi

Ja leɓen ƙasa ka juya shi waje, ka duba cikinsa da dasashi, ka yi wa na sama haka. Ka matsa leɓen tsakanin yatsa biyu ka ji ko akwai wani abu mai tauri kamar ƙwayar gero. Baƙi-baƙin da ke dasashin yawancinmu halitta ne, ba cuta ba. Tsiron HPV a nan kan fito fari ko launin nama, kansa da ƙaiƙayi-ƙaiƙayi kamar kan farin kabeji, wani lokaci kuma a shimfiɗe da yawa jere da juna.

4. Cikin kumatu

Sa yatsa ka ja kuncin gefe, ka haska. Abu uku ne a nan ke tsorata sabbin farawa a banza. Akwai farin layi da ya bi inda haƙoran sama da na ƙasa ke haɗuwa, sawun cizo ne. Akwai ɗan tudu daidai turamen haƙoran sama, ƙofar yawu ce, kowane gefe na da ita. Akwai kuma wani hazo fari-fari da ke rufe cikin kuncin baƙar fata da yawa. Ka miƙe fatar da yatsa, in ya ɓace to ba komai ba ne. Farin da ya ƙi ɓacewa in an miƙe, ya kuma ƙi gogewa, shi ake rubutawa.

5. Harshe

Nan ne aikin yake. Fito da harshen ka duba samansa. Sannan ka kama bakinsa da hankicin, don da hannu tsura sulɓewa zai yi, ka ja shi hagu ka duba gefen dama tun daga gaba har can ƙarshe, ka sake ja dama. Gefen harshe na cikin wuraren da sankarar baki ta fi fitowa, musamman ga mai shan sigari, ko mai cusa garin taba a leɓe, ko mai shan giya. Bayan ido sai yatsa: ka bi gefen kana matsawa. Harshe lafiyayye laushinsa ɗaya ne ko'ina.

Ranar da na fara wannan dubawa, na ja harshena da ƙarfi sai na hango wasu ƙulle-ƙulle manya jere a can baya. Ban runtsa ba a daren. Da safe na tafi wurin ma'aikaciyar jinyar da ke ba mu magani, gumi na keto mini. Ta haska, ta yi dariya ta ce, "Malam, wanga ai kowa na da shi. Buɗe ido ka ga nawa." Ashe 'yan tudun ɗanɗano ne, guda takwas zuwa goma sha biyu, jere kamar kan kibiya. Haka nan akwai 'yan tsage-tsage a ƙarshen gefen harshe, dama da hagu. Ƙa'idar da ta ba ni ita nake ba kowa: abin da ka gani a dama, ka neme shi a hagu. In yana nan iri ɗaya, mafi yawa halitta ne.

Fari iri biyu ne ya fi zuwa wa masu HIV, kuma ba HPV ke kawo su ba. Ɗaya kamar guntun kindirmo yake, in ka goge da hankici ya fita ya bar ja a ƙasa. Fumfuna ce, ana maganinta cikin sauƙi. Ɗayan yana gefen harshe, layi-layi a tsaye kamar kwanon rufi, ba ya gogewa. Wata ƙwayar cuta ce daban ke kawo shi. Dukansu saƙo ne cewa garkuwa ta yi ƙasa, don haka ka faɗa a inda kake karɓar magani a duba yawan ƙwayar HIV a jininka, ka kuma tambayi kanka ko kana tsallake shan magani.

6. Ƙarƙashin harshe da ganɗa

Ɗaga harshe ya taɓa sama. Jijiyoyi shuɗi-shuɗi da ke nan na kowa ne. Sa yatsa ɗaya a ƙasan baki, ɗaya a waje ƙarƙashin haɓa, ka matsa tsakaninsu ka lalubi tauri. Sai ka ɗaga kai ka haska rufin baki. Wasu na da tudun ƙashi a tsakiyar ganɗa tun tasowarsu, ba ya girma, ba ya ciwo. Amma tabo ja mai duhu ko ruwan makuba a ganɗa ko dasashi, a shimfiɗe ko a kumbure, wannan kada a jira shi: yana iya zama sankarar Kaposi, wadda ke bin raunin garkuwa.

7. Maƙogwaro

Buɗe baki, ka bar harshen a ciki a kwance, kada ka zaro shi, zarowa na sa bayansa ya taso ya tare hanya. Ɗora mariƙin cokali a tsakiyar harshe ka danna ƙasa, ka ce "aaa" mai tsawo kana numfashi ta baki. Kuskuren kowa shi ne tura cokalin can baya, nan take sai yunƙurin amai. Mai saurin amai ya ajiye cokalin, ya yi kamar zai yi hamma, maƙogwaro zai buɗe da kansa.

Za ka ga belu a tsakiya, tonsil biyu a gefe. Ka duba ko ɗaya ta fi 'yar'uwarta girma sosai, ko tana da gyambo, ko tana jini, ko ta ture belu gefe. Ramukan da ke jikin tonsil da farin abu mai wari da kan maƙale a ciki ba abin tsoro ba ne. Tushen harshe kuwa madubi ba zai nuna maka shi ba komai ƙoƙarinka, sai dai ka tambayi jikinka. Haɗiya na yi maka wuya ko zafi a gefe ɗaya? Kana jin kamar ƙashin kifi ya tsaya, alhali ka kwana biyu ba ka ci kifi ba? Kunne ɗaya na ciwo ba tare da ruwa ko mura ba? Murya ta dushe ta ƙi washewa? Jini a yawu? Rama ba dalili? Amsar waɗannan ita ma sakamakon dubawa ce.

8. Rubuta, ka ƙirga mako biyu

Rubuta kwanan wata, wurin, launi da girma. Kwatanta da abin da ka sani: ƙwayar gero, dawa, wake, gyaɗa. In za ka ɗauki hoto, ka ɗauki wurin kawai ban da fuska, kuma kada ka rubuta sunan cuta a littafin, tunda yara na ɗaukar waya da takardu. Ko ba ka ga komai ba ka rubuta "lafiya", don wata rana likita zai tambaye ka yaushe abin ya fara.

Ƙurjin baki na yau da kullum, da ƙunar shayi, da cizon harshe, duk suna warkewa cikin mako biyu. Gyambo, tsiro, fari, ja ko ƙullutun da ya wuce mako biyu, a tafi asibiti. Abin da ke jini, ko yake girma a ido, ko yake hana haɗiya ko numfashi, ba a ƙirga masa kwana.

Ga abin da ya fi ɓata mini rai. Wani bawan Allah daga wani ƙauye a hanyar Argungu ya ga tsiro ɗaya a cikin leɓe, ya kai wa wanzami ya yanke masa da aska, aka barbaɗa gari. Bayan wata biyu ya zo mana da tsiro biyar a wurin. Wanzami gwani ne a aski, amma yanke tsiron HPV a gida baza shi yake yi, ga zubar jini, ga askar da za ta taɓa wani bayanka. Mafi muni, in abin sankara ne, an jefar da naman da za a gwada a gane. Kada a yanke, kada a ɗaure da zare, kada a ƙona da kanwa ko ruwan batir, kada a cire belu saboda maƙogwaro ya daɗe yana ciwo. Maganin tusar jaki na fata da ake sayarwa a kemis ma ba na baki ba ne, ƙona nama yake. Wani kuskuren shi ne sayen ƙwayoyin kashe ƙwayar cuta zagaye bayan zagaye, wata uku su tafi a haka.

9. In an ba ka kwalbar kurkure baki

In asibitinka ko masu bincike suka ba ka, takardar da ke ciki ita ce gaba da maganata. Yadda aka saba yi shi ne: da safe kafin ka ci ko ka sha ko ka yi asuwaki, ka wanke hannu, ka duba lambar da ke jikin kwalbar ta dace da taka. Ruwan kan kai mililita 10, wato cokalin shayi biyu, ruwan gishiri na asibiti ko ruwan wanke baki. Ka zuba duka a baki, ka kurkure na daƙiƙa biyar, ka ɗaga kai ruwan ya kai maƙogwaro ka gurgura shi na daƙiƙa biyar, kana sauyawa har daƙiƙa 30. Sai ka tofa duka a kwalbar, ka rufe da kyau, ka rubuta rana da lokaci. Gurgurawar ce ke ɗebo abin da ake nema daga tonsil. Mai kurkure kumatu kawai ya yi aikin banza. Kada ka haɗiye, kada ka ƙara ruwan randa, kada ka haɗa ruwan gishirinka na gida. Zafin Kebbi kuma ba ya raga wa komai, don haka kada kwalbar ta wuni a aljihu ko a ƙarƙashin kujerar babur, ka mayar da ita a ranar.

In sakamako ya nuna HPV, ba sankara aka ce kana da ita ba. Yawancin masu ƙwayar ba sa taɓa yin sankara. Ba kuma shaida ba ce a kan mata ko miji, don ƙwayar na iya shekaru a jiki tun kafin aure. Babu maganin da ke kashe ta, jiki ne ke kore ta, shi ya sa shan maganin HIV a kan lokaci da barin taba su ne abin da ke hannunka. In kuma ya nuna babu, dubawar wata-wata na nan daram, domin sankarar da taba da giya ke kawowa ba ruwanta da HPV.

10. A asibiti

Fara da inda kake karɓar magani, su suka san tarihinka. Ka tafi da littafinka ka faɗi magana a fili: "Wata ɗaya ke nan da wannan ƙullutun, ba ya ciwo, ya tashi daga wake ya kai gyaɗa." Ka nemi a tura ka wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro, ko likitan haƙori in abin a gaban baki yake. A Birnin Kebbi akwai asibitin tarayya da mutane ke kira FMC da kuma asibitin Sir Yahaya. Mutanen Zamfara na da FMC Gusau da asibitin Yariman Bakura. Abin da ya fi ƙarfin nan akan tura shi asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Likitan maƙogwaro na da abin leƙa tushen harshe. In ya ce za a yanki ɗan nama ko a zuƙo da allura a kai ɗakin gwaji, ka yarda, da shi kaɗai ake tabbatar da ko sankara ce. Ka kuma gaya masa kana shan maganin HIV ko da kunya, don hakan na sauya abin da zai fara zargi.

Ke kuma 'yar'uwa, kada duba baki ya ɗauke miki hankali daga inda HPV ta fi yi wa mata ɓarna. Mace mai HIV ta ninka wadda ba ta da shi sau shida wajen haɗarin sankarar bakin mahaifa. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idarta ta 2021 ta ce mai HIV ta fara gwaji tun tana shekara 25, ta maimaita duk shekara uku zuwa biyar in gwajin HPV ne, kuma wannan gwajin an amince mace ta ɗebi samfurin da kanta da ɗan tsinken auduga. Tsinken na gaban mace ne, ba a sa shi a baki, sakamakonsa kuma ba ya faɗin halin maƙogwaro. Ki tambaya ranar karɓar magani. Rigakafin HPV da Najeriya ta fara a watan Oktoban 2023 don 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, Kebbi na cikin jihohin farko, Zamfara ta biyo a 2024. Allura ɗaya ake yi wa yawancin yara, amma yarinya mai HIV tana buƙatar aƙalla biyu, uku in da hali, don haka ki sanar da mai allurar a keɓe, ki kuma adana katin don ranar komawa.